Tumɓukewa ko Gyarawa: Kwaminisanci da Gurguzun Dimokuraɗiyya a Bisa Ma'auni

Duk wanda ya daɗe yana kallon yadda ma'aikaci ke wuni cikin zufa ya koma gida da abin da bai taka kara ya karya ba, alhali dukiyar mai masana'anta tana hayayyafa ko yana barci, wata rana sai ya iske kansa a mararraba. Hanya ɗaya ita ce ta kwaminisanci, wadda ta ce tsarin jari-hujja ba ya gyaruwa, sai dai a tumɓuke shi tun daga saiwa, a mayar da masana'antu da gonaki da bankuna mallakar jama'a baki ɗaya. Ɗaya hanyar ita ce ta gurguzun dimokuraɗiyya, wadda ta ce a bar kasuwa ta ci, a bar wa mutane mallakarsu, amma a sa wa masu jari linzami da haraji da dokokin ƙwadago da ƙuri'ar talaka. Mutane da yawa kan haɗa su a kwando ɗaya su kira su gurguzu, kuma ba su yi kuskure ƙwarai ba, domin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sai dai sun raba gari fiye da shekara ɗari da ta wuce, kowacce ta yi mulki, kowacce ta bar sawu, don haka mai son ya zaɓi wadda zai ba goyon bayansa yana da abin dubawa a ƙasa, ba a takarda kaɗai ba.

Tushen koken gaskiya ne, kuma bai kamata kowa ya yi masa riƙon sakainar kashi ba. Lokacin da marubucin Jamus Friedrich Engels ya zauna a birnin Mancesta na Ingila a farkon shekarun 1840, ya ga yara ƙanana suna aiki a masaƙu daga asuba har dare, ya ga iyalai cunkushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi, ba su da ƙuri'a, ba su da fansho, ba wanda zai biya su diyya idan inji ya datse musu hannu. Shi da Karl Marx suka fitar da sanarwar kwaminisanci a 1848, sannan Marx ya kawo cikakken bayaninsa a kan jari a 1867. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, ƙimar kaya daga gumin ma'aikaci take fitowa, amma ladan da ake ba shi bai kai abin da ya samar ba, rarar kuwa ita ce ribar mai jari. Ya yi hasashen cewa dukiya za ta riƙa taruwa a hannun 'yan tsiraru, talakawa su riƙa ƙaruwa, har ranar da tura za ta kai bango. Burinsa al'umma ce wadda babu aji a cikinta, wadda a ƙarshe ita kanta gwamnati za ta shuɗe don ba sauran wanda za ta danne, inda za a karɓa daga kowa gwargwadon iyawarsa, a ba kowa gwargwadon buƙatarsa. Ina ganin da wuya mai tausayi ya ji wannan buri zuciyarsa ba ta motsa ba. Amma akwai wani giɓi da ya zama babba daga baya: Marx ya cika dubban shafuka yana feɗe jari-hujja har wutsiya, ya rubuta kaɗan ƙwarai a kan yadda sabuwar al'ummar za ta san yawan takalmin da za a ɗinka, ko wanda zai tsawata wa shugabanni idan sun kauce.

Rabuwar ta faro ne a Jamus. A 1899 Eduard Bernstein, wanda ya yi zama da Engels kuma ya san koyarwar ciki da waje, ya fito ya ce hasashen bai tabbata ba: albashi yana ƙaruwa, masu matsakaicin hali ba su ɓace ba, ƙungiyoyin ƙwadago suna cin nasara kaɗan-kaɗan, saboda haka ƙuri'a za ta iya kai ma'aikata inda ake tsammanin sai bindiga. A Rasha kuwa Lenin ya ɗauki kishiyar wannan, ya ce ma'aikata da kansu ba za su wuce neman ƙarin albashi ba, sai an samu jam'iyya ƙarama mai tsananin ladabi ta ja su. Bayan juyin juya halin Oktoba na 1917, wanda ya kawo Lenin kan mulki, an yi zaɓen majalisar tsara mulki, jam'iyyar Lenin ta samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u, majalisar ta yi zama ɗaya tak a Janairun 1918, aka rufe ta da ƙarfin soja. Rosa Luxemburg, wadda ita ma 'yar juyin juya hali ce ta gaske, ta yi gargaɗi a wannan shekarar cewa 'yancin da aka keɓe wa magoya bayan gwamnati kaɗai ba 'yanci ba ne. Adalci ya sa a faɗi cewa ɗaya ɓangaren ma hannunsa ba tsarkakakke ba ne a wancan zamani, domin 'yan gurguzun dimokuraɗiyyar Jamus sun amince da kuɗin yaƙi a 1914, kuma a ƙarƙashin gwamnatinsu ne dakarun sa-kai suka kashe Luxemburg a Janairun 1919.

Idan aka zo ga abin da kwaminisanci ya iya, ba a rasa abin nunawa ba. Tarayyar Sobiyet, wadda 'yan kwaminis suka kafa a madadin daular Rasha, ta gaji ƙasar da mafi yawan mutanenta ba su iya karatu ba a ƙarshen ƙarni na 19, kafin 1960 jahilci ya kusa ƙarewa. Ta gina masana'antun ƙarfe da madatsun ruwa cikin shekaru goma, ta karya rundunar Hitler bayan asarar rayuka kimanin miliyan 27, ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 1957, ta kai mutum na farko sararin samaniya a 1961. A ƙasar Sin, tsawon ran da ake sa wa jariri rai da shi bai wuce shekara 40 ba a 1949, ya kai wajen 65 a ƙarshen shekarun 1970, saboda rigakafi da tsabtar ruwa da ma'aikatan lafiya na karkara. Kyuba ta yi gangamin yaƙi da jahilci a 1961, ta horar da likitocin da har ƙasashen waje take aikawa, duk da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata. Ƙasashen kwaminisanci sun kuma taimaka wa masu fafutukar 'yanci a Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu a lokacin da manyan ƙasashen Yamma ke jan ƙafa. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan nasarori iri ɗaya ne: aiki ne guda bayyananne, wanda ake tara mutane da kayan aiki a fuskance shi. A irin wannan fage tsarin umarni daga sama yana da ƙarfi.

Inda ya gaza shi ne rayuwar yau da kullum, kuma a nan ya kamata mai zaɓi ya tsaya ya duba da kyau. Farashi a kasuwa ba kuɗi kaɗai ba ne, labari ne. Idan ƙusa ta yi tsada, maƙeri ya ji cewa ana neman ta, mai gini ya ji cewa ya rage ɓarna, ba tare da wani ya aika musu takarda ba. Masanin tattalin arziki Ludwig von Mises ya yi wannan gargaɗi tun 1920, cewa ranar da gwamnati ta mallaki komai ta kuma yanka farashi da alƙalami, ta toshe kunnenta da hannunta. Hukumar tsare-tsare ta Gosplan a Mosko ta yi ƙoƙarin maye gurbin wannan labari da alƙaluma, tana yanka wa kowace masana'anta adadin da za ta cika. Manajan da aka auna aikinsa da nauyi sai ya ƙera kaya masu nauyi, har shugaban Sobiyet Khrushchev da kansa ya koka cewa ana ƙera fitilun ado masu nauyin da ya wuce hankali saboda da tan ake lissafa su. Manaja kan ɓoye ainihin ƙarfin masana'antarsa don kada a ƙara masa adadi baɗi, ya tara kayan gyara da ma'aikatan da ba ya buƙata don tsoron ranar rashi, kuma ya san ko ya yi asara ba za a rufe shi ba. János Kornai na ƙasar Hangari, wanda ya rayu cikin tsarin, ya nuna a 1980 cewa ƙarancin kaya ba tsautsayi ba ne a can, ɗabi'ar tsarin ce. Shi ya sa matar aure a Mosko ko Waso kan fita da jakar raga a aljihu ko da ba ta da niyyar sayayya, in ta ga layi ta shiga tukuna kafin ta tambayi abin da ake sayarwa. A Jamus ta Gabas iyali kan jira fiye da shekara goma kafin motar Trabant da suka yi rajista ta iso.

Noma ne ya fi nuna raunin a fili. Rasha, ƙasar da take fitar da alkama zuwa Turai a zamanin sarakunanta, ta koma sayen hatsi daga waje a 1963, ta kuma yi babban sayayya daga Amurka a 1972. Ƙananan filayen bayan gida da aka bar wa manoma, waɗanda ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na ƙasar noma ba, su ke samar da kusan rubu'in amfanin gonar Tarayyar Sobiyet. Manomi ɗaya ne, hannu ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, bambancin kawai a nan ya san abin da ya shuka nasa ne.

Sai dai talaucin kanti ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da ya faru lokacin da aka haɗa toshe bakin kasuwa da toshe bakin mutane. Da shugaban Sobiyet Stalin ya tilasta wa manoma shiga gonakin gandu daga 1929, aka ci gaba da ƙwace hatsi bisa adadin da aka yanka ko da rumbu ya ƙare, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe mutane tsakanin miliyan 3 da rabi zuwa miliyan 5 a Yukren, da kimanin miliyan ɗaya da rabi a Kazakistan. A 1937 da 1938 kaɗai, takardun hukumar tsaron ƙasar da kanta sun nuna an harbe mutane wajen 680,000, cikinsu har da 'yan jam'iyyar na asali. A Sin, lokacin shirin shugaba Mao na zabura gaba da aka fara a 1958, jami'an gundumomi suka riƙa gasar ƙara gishiri a rahoton girbi don kada a ce musu masu ja da baya, gwamnati ta karɓi rabonta bisa girbin ƙarya, manoma kuma an janye su daga gona suna narka tukwane da fartanya a murhun bayan gida don cika adadin ƙarfe. Ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa a taron Lushan na 1959 yana faɗin abin da ya gani da idonsa, aka tuɓe shi, sauran suka kama bakinsu. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga miliyan 15 zuwa miliyan 45. Masu kare tsarin kan ce laifin mugayen shugabanni ne, ko laifin yaƙi da takunkumi da maƙarƙashiyar maƙiya, kuma lallai an kewaye waɗannan ƙasashe da gaba ta gaske. Amma abu ɗaya ya maimaita kansa a Rasha da Sin da Kambodiya da Habasha, ƙasashe masu harshe da addini da tarihi daban-daban, kuma idan cuta ta bi kowane gida da aka sha daga rijiya ɗaya, rijiyar ya kamata a leƙa. Wanda ya riƙe aikin yi da gidan kwana da katin abinci da jarida da kotu duk a hannu ɗaya, ba mai iya ce masa a'a ya kwana lafiya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne makomar ma'aikacin da aka yi komai da sunansa. A birnin Nobocerkas na Tarayyar Sobiyet a 1962 ma'aikata sun fito kan ƙarin kuɗin nama da man shanu da rage lada, sojoji suka buɗe musu wuta, aka ɓoye labarin kusan shekara talatin. A Folan a 1980 ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk ne suka kafa ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta, ta tara mambobi wajen miliyan 10, gwamnatin da ke kiran kanta ta ma'aikata ta kafa dokar soja a 1981 don murƙushe ta. Masu ibada ma sun ɗanɗana, domin an rufe dubban masallatai da majami'u a Tarayyar Sobiyet, Albaniya kuma ta haramta addini ɗungurungum a 1967.

Ɗaya hanyar ba ta da irin wannan armashi na tuta da taken juyin juya hali, tafiyarta ta hawainiya ce. A Suwidin 'yan gurguzun dimokuraɗiyya sun jagoranci gwamnati kusan ba yankewa daga 1932 zuwa 1976, kuma ginshiƙin aikinsu yarjejeniya ce da aka ƙulla a 1938 tsakanin ƙungiyar ƙwadago da ƙungiyar masu masana'antu, cewa za a riƙa yanke albashi a teburin shawara. Kamfanoni irin su Volvo da Ericsson suka ci gaba da zama na 'yan kasuwa, suna gogayya a duniya, gwamnati kuma tana karɓar haraji mai nauyi tana biyan makaranta da asibiti da fansho da hutun haihuwa. Birtaniya ta kafa hukumar lafiya ta kyauta ga kowa a 1948. A Jamus ta Yamma dokokin 1951 da 1976 sun ba wakilan ma'aikata kujeru a majalisun sa ido na manyan kamfanoni, jam'iyyar da Bernstein ya fito daga cikinta kuma ta ajiye aƙidar Marx a hukumance a 1959. Gwajin da ya fi kowane tsabta shi ne na Jamus ɗin nan, al'umma ɗaya da aka raba biyu, gabas a hannun 'yan kwaminis: mutane wajen miliyan 3 suka tsallaka daga gabas zuwa yamma kafin a gina katangar Balin a 1961, kuma bindigogin katangar ciki suke kallo.

Kada a ɗauka wannan hanya ba ta da ƙaya. Tana da tsada, domin a ƙasa irin Danmak haraji kan kai kusan kashi 45 cikin ɗari na duk abin da ƙasa ta samar, kuma ba attajirai kaɗai ke biya ba, har mai matsakaicin albashi yana ji a jikinsa. Ba ta kawar da bambancin dukiya ba, ta dai rage kaifinsa, kuma a Suwidin ɗin kanta manyan kamfanoni da yawa suna hannun iyalai ƙalilan. Duk lokacin da ta yi yunƙurin wuce iyaka masu jari kan nuna mata ƙarfinsu: shirin mayar da hannun jarin kamfanoni ga asusun ma'aikata da aka kawo a Suwidin a 1976 an rage masa ƙarfi, daga baya aka soke shi, shugaba Mitterrand kuma ya mayar da bankuna hannun gwamnatin Faransa bayan zaɓen 1981, kuɗi suka riƙa gudu daga ƙasar, ya ja da baya a 1983. A Cile ma Salvador Allende ta akwatin zaɓe ya hau a 1970, sojoji suka kifar da shi a 1973 bayan Amurka ta daɗe tana yi wa gwamnatinsa zagon ƙasa. Akwai kuma gaskiya a zancen masu cewa tsoron kwaminisanci ne ya sa masu jarin Turai suka sassauta, domin tun Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus wanda ya kawo inshorar lafiya a 1883 don ya janye ma'aikata daga 'yan gurguzu, ba a cika ba talaka abu don Allah ba. Abin da ƙuri'a ta bayar, ƙuri'a na iya karɓewa, kamar yadda aka gani a Birtaniya a shekarun 1980.

To amma wannan rauni na ƙarshe shi ne kuma ƙarfinta, kuma a kansa na tsayar da nawa zaɓi. Kowane tsari zai yi kuskure, tambayar ita ce wa zai faɗa, kuma me zai same shi idan ya faɗa. Masanin tattalin arziki ɗan Indiya Amartya Sen ya lura cewa ba a taɓa yin babbar yunwa a ƙasa mai zaɓe na gaskiya da jarida mai 'yanci ba, domin gwamnatin da ke tsoron faɗuwa ba ta iya kawar da kai daga gawawwaki. Shi ɗin dai ya kuma nuna cewa a shekarun da ba na yunwa ba, sakacin Indiya da lafiyar talakawanta ya ci rayuka fiye da na Sin, wanda ke nufin zaɓe kaɗai ba ya ciyar da kowa sai an haɗa shi da gwamnati mai aiki. Duk da haka, lokacin da Suwidin ta faɗa rikicin banki a farkon shekarun 1990, an yi muhawara, an sauya gwamnati, an gyara tsarin fansho da na haraji, ba a harbi kowa ba. Lokacin da shugaban Sobiyet Gorbachev ya gwada gyara nasa tsarin daga 1985, ginin gaba ɗaya ya rufta a Disambar 1991, abin da ya biyo baya kuma, na wawashe dukiyar ƙasa da faɗuwar tsawon rai a Rasha, talaka ne ya sake biyan kuɗinsa.

Wani zai ce ai ga Sin nan, jam'iyyar kwaminis ce ke mulki kuma ta fitar da mutane kusan miliyan 800 daga matsanancin talauci cikin shekara 40, bisa lissafin Bankin Duniya. Haka ne, amma a dubi inda abin ya faro. A ƙarshen 1978, a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui, magidanta 18 suka taru a ɓoye cikin dare, suka dangwala yatsa a kan takarda cewa za su raba gonar gandu kowa ya noma nasa, suka kuma yi alkawarin cewa idan aka kama wasunsu, sauran za su riƙe musu 'ya'ya har su girma. Girbin shekarar da ta biyo ya ninka na baya sau da yawa, jagoran Sin na lokacin Deng Xiaoping ya bar abin ya bazu, aka buɗe yankin kasuwanci na Shenzhen a 1980. Biyetnam ta bi sawu a 1986, cikin shekaru uku ƙasar da ke fama da ƙarancin shinkafa ta fara fitar da ita waje. Wato arzikin ya zo ne daidai gwargwadon yadda aka saki tsarin Marx da Lenin na tattalin arziki, aka riƙe na siyasa kaɗai. Mai sha'awar wannan samfuri ya san abin da yake saye: kasuwa mai attajirai da tazara mai faɗi tsakanin birni da ƙauye, ba ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta, ba kuma hanyar sauke shugaba idan ya ɓata, kamar yadda murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiyananmen na birnin Beijin ya shaida a 1989.

Ga wanda zuciyarsa ke tare da mallakar haɗin gwiwa, ƙofa ba ta rufe ba a ƙarƙashin hanya ta biyu. Ƙungiyar Mondragon da aka kafa a yankin Bask na Sifaniya a 1956 mallakar ma'aikatanta ce, su ke zaɓen shugabanninsu, dubun dubatar mutane ke ci a cikinta, tana kuma sayar da kayanta a kasuwa kamar kowa, wanda ya gaji ya fita ba mai tare shi. Ga mai tunanin cewa sai ƙasa ta yi arziki irin na Turai kafin ta iya wannan tafiya, jihar Kerala ta Indiya abar nazari ce. A can 'yan kwaminis ne da kansu suka ci zaɓe a 1957, suka faɗi, suka dawo, suka sake faɗuwa, suna karɓa-karɓa da abokan hamayyarsu shekara da shekaru. Sun raba filaye ga manoman haya ta hanyar doka, sun zuba kuɗi a makarantun firamare da ƙananan asibitoci, jihar ta zama kan gaba a Indiya wajen iya karatu da raguwar mutuwar jarirai tun tana cikin masu ƙaramin ƙarfi. Ba ta samar da isassun ayyukan yi ba, shi ya sa ɗimbin 'ya'yanta ke ci-rani a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, kuma kuɗin da suke aikowa gida na cikin abin da ke riƙe da jihar har yau.